Ranar da Muka Yi wa Gwaggo Numfashi

A gidanmu idan ana gardamar wa ya girmi wa, ko a wace shekara aka haƙa rijiyar bayan masallaci, ni ake nema. "A tambayi Zuwena," in ji su. Tun ina ƙarama nake raɓar tsofaffi ina sauraro, kuma da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, sai aikin ya zama nawa gaba ɗaya. Shi ya sa da aka ce a rubuta tarihin Gwaggo Mwanaidi, yayar mahaifina, kowa ni ya kalla. Ɗalibanta sun riga sun rubuta nasu da Turanci, cike da sunayen da bakina ba ya iya furtawa. Ni abin da na ji a gida da abin da na gani da idona zan faɗa.

Labarin Gwaggo ya faro ne daga mutuwar mahaifinta, kakanmu Faki. Masunci ne, kamar kowane namiji a ɗan tsibirinmu na gefen Pemba. Wata safiya da ruwa ya janye ƙwarai ya fita duba tarkunan kifinsa. Ya dawo da ƙafarsa, ya zauna a gindin kwakwa, ya ce leɓensa ya yi nauyi. Aka ba shi ruwa, ya kasa haɗiyewa. Kafin a kirawo mai tofi fatar idonsa ta sauko, ƙirjinsa ya daina ɗagawa. Babban ɗansa, Baffa Kombo, wanda a lokacin ko gemu bai fito masa ba, shi ya shafe masa ido, ya ja mayafi ya rufe masa fuska. Bayan la'asar aka kai shi. Mutane suka ce aljanin teku ne ya taɓa shi, magana ta tsaya a nan.

Gwaggo tana yarinya a lokacin. Da aka ba ta zanen ƙugunsa ta wanke, sai ta ji wani abu mai nauyi a cikin lanƙwasar da yake ɓoye tabarsa. Dodon koɗin teku ne, irin wanda muke kira mai lalle, don zanen katantanwarsa kamar ƙafar amarya yake. Ita ya tsinto wa. Kowa ya san yarinyar tana tara katantanwa a ƙarƙashin gado. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ta ji mai wankan gawa yana ce wa maza ya ga ɗan jan tabo a ƙugun mamacin, kamar cizon sauro.

Tana da ƙwaƙwalwa, malamanta suka tsaya mata. Daga makarantar da ke tsibirin Unguja ta wuce jami'a a Darussalam. Da labari ya iso gida cewa 'yar Faki karatun dodon koɗi take yi, an yi dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce, "Da ta zauna a gida ai da mun koya mata kyauta, har da yadda ake cire shi da tsinke."

A ɗakin binciken jami'a ta ga abin da ya riƙe ta har tsufa. Malaminsu ya saka ɗan mitsitsin kifi a akwatin gilashi tare da mai lalle. Dodon ya miƙo wani siririn hanci a hankali, kamar mai shinshina, ya harbi kifin. Kifin ya kwanta a gefe, marafan numfashin da ke gefen kansa suka tsaya cak. Sauran ɗalibai suka rubuta cewa ya mutu. Ita kuwa ta ciro shi ta ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kifin ƙarami ne, ana hango cikinsa ta fata. Zuciyarsa tana bugawa. Ta daɗe tana kallo, zuciyar ba ta fasa ba, sai can da iska ta ƙare a jininsa.

Ta gaya mini ta fita bayan ginin ta yi amai.

"Dafin nan, Zuwena, saƙon da jijiya ke kai wa tsoka yake yankewa. Mutum yana son ya ɗaga ƙirji, saƙon ba ya isa. Amma kunne yana ji, hankali yana nan. Baba ya ji kukanmu. Ya ji sa'ad da Kombo ya ja masa mayafi. Da akwai wanda ya san ya hura masa iska har dafin ya sake shi, da wataƙila ya ga aurena."

Ba ta yi auren ba ma. Ta tafi ƙasar Turawa ta yi digirin dakta, ta ce sanyi ya kusa kashe ta, ta dawo ta zauna a wata 'yar tashar binciken teku, inda rufin ke yoyo kuma wuta ke ɗaukewa a tsakiyar aiki. A can ta ƙare ƙuruciyarta. Tana kiwon mai lalle a akwatunan gilashi kamar yadda wasu ke kiwon kaji. Ba ta taɓa ɗaukarsa da hannu ba, sai da dogon awartaki, kuma ɗalibin da ta kama ya miƙa hannu cikin akwati, ranar ya gama aiki da ita. Idan tana son dafi sai ta ɗaure guntun fatar kifi a bakin wata 'yar kwalba ta miƙa wa dodon, ya ɗauka abinci ne ya harba, ɗigon ya zuba ciki. Da irin waɗannan ɗigo-ɗigon ta yi shekaru tana rarrabe wane ɓangaren dafi ne ke tsayar da wace tsoka, da kuma yadda jiki ke farfaɗowa idan aka hana shi rasa iska. Na ga littattafan da aka buga aikinta a ciki. Ban gane komai ba sai sunan kakana a bayan nata.

Abin da ɗalibanta suka fi tunawa shi ne ranar farko a ajinta. Takan sa a harbi kifi a gabansu, ta juyo ta ce, "Ya mutu?" Duk wanda ya ce e, sai ta kamo shi ta kai idonsa kan madubi. Har suka laƙaba mata Malama Ya-mutu. Yau akwai ɗalibinta da ke koyarwa a Mombasa, akwai wata a Maputo da ke binciken ƙaguwa, kuma an ce dukansu da wannan tambayar suke buɗe aji. Akwai kuma waɗanda suka ratsa ta ajinta suka zama likitoci. Ɗayansu shi ne Dakta Pandu, na asibitin babban tsibiri.

Da ta ajiye aiki ta dawo gida, ni aka ba ta in zauna da ita. Ba ta huta ba. Duk Alhamis takan tara matan da ke tsintar kayan teku a gindin mangwaro, ta kawo matashin kai da ta cusa wa robar ƙwallo a ciki, ta ce su koyi hura wa mutum iska baki da baki: a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura har ƙirji ya ɗaga. Matan sun fi zuwa don shayi da dariya. Bi Tatu, maƙwabciyarmu mai sayar da busasshen kifi, ita ce uwar shaƙiyanci.

"Malama, ni ko mijina ban yi wa haka ba, sai matashin kai?"

"Shi ya sa ya gudu garin Tanga. Toshe hancin, Tatu."

Gwaggo ta kuma sayo wata jakar roba da ake matsawa ta tura wa mutum iska, ta ajiye a saman kabad. Sannan ta kafa doka: duk wanda ya tsinci mai lalle, ya kawo mata a bokiti ko ya bar shi inda yake.

Wadda ba ta ji dokar ba ita ce Bi Mtumwa, ƙanwar kakanmu Faki, gwaggon Gwaggo ke nan. Tana zaune a ɗaya ƙarshen tsibirin, idonta ya yi hazo, kunnenta ya yi nauyi, amma har yanzu ba ta yarda ruwa ya janye ba ta fita tsinta ba.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya yi irin janyewar da yake yi idan wata ya cika. Teku ta koma can nesa kamar farin zare, jiragen kamun kifi duk sun kwanta a gefe kan yashi. Da hantsi muna tsakar gida ina kankare kwakwa, sai ga tsohuwar da sandarta, zanenta jiƙe har gwiwa. Gwaggo ta tashi ta rusuna ta gaishe ta. Bi Mtumwa ta zaro wani ƙullin tsumma daga haɓar zanenta.

"Ungo, 'yar Faki. Na tuna ke ce mai son su."

A wajenmu idan babba ya miƙo kyauta, da hannun dama ake karɓa, na hagu yana tallafe da shi, kuma ba a buɗewa a gabansa, ba a tambayar mene ne. Tun kafin yaro ya iya magana hannunsa ya iya wannan. Na ga fuskar Gwaggo ta sauya, ina jin ta gane, amma hannunta ya riga ta. Tsohuwar ta ɗora mata ƙullin a tafi, ta kuma naɗe mata yatsu a kai ta matse, irin yadda tsofaffi ke yi don kada ka ƙi.

Gwaggo ta ɗan zabura. Ta sunkuya ta ajiye ƙullin cikin kwanon wanki, ta buɗe da bakin ludayi. Mai lalle ne babba, ya kai tsawon tafin hannu, zanensa ja da fari, siririn hancin yana komawa ciki a hankali. Tsumman a jiƙe yake. Tsohuwar ta jiƙa shi ne don kada launin ya dushe.

"Ya yi kyau?" in ji Bi Mtumwa.

"Ya yi kyau ƙwarai, Gwaggo. Allah ya saka. Zauna ki huta."

Ta juyo gare ni. A gindin babban yatsanta akwai ɗan jan tabo kamar cizon sauro.

"Zuwena, kada ki yi ihu. Kawo zane ki naɗe mini hannun nan tun daga yatsu har kafaɗa, da ƙarfi, ki ɗaura masa itace kada ya motsa. Sannan ki kira Pandu. Sannan Tatu."

Ta shimfiɗa tabarma da kanta a inuwa ta kwanta rigingine. Ina naɗewa zanen yana kuɓucewa. Na ce a kai ta asibiti. Ta nuna bakin teku da haɓa. Na duba, na ga jiragen a kwance kan yashi. Ruwa ba zai dawo ba sai bayan azahar.

"Ki saurara, don bakina ya fara nauyi. Idona zai rufe. Magana za ta tafi. Daga nan numfashi. Zan yi kama da gawa, komai da komai. Ki sa kunne a nan." Ta taɓa ƙirjinta. "Muddin yana bugawa, ina ciki. Ku yi mini numfashi. Ko kun gaji kada ku tsaya ku yi shawara, ku yi shawarar kuna hurawa."

"To, Gwaggo."

"Ku riƙa yi mini magana. Ina ji." Ta kama rigata da lafiyayyen hannun. Tun da na san ta ban taɓa ganin idonta haka ba. "Ina jin tsoro, Zuwena. Kada ki bari Kombo ya rufe ni."

Na samu Dakta Pandu a waya. Da na ce mai lalle sai ya ce zai taso da jirgi mai inji yanzu, amma duwatsun bakin tsibirinmu ba za su bar shi ya matso ba sai ruwa ya hau. Ya tambayi jakar roba. Na hau kujera na sauko da ita. Ina matsawa sai ta tsage a hannuna. Zafi da gishirin iskar teku sun cinye ta a saman kabad.

"Babu," na ce masa. "Ta fashe."

"To bakinku ne. Mata nawa ta koya wa?"

Bi Tatu ta shigo da gudu da wasu mata huɗu ko biyar, wasu da bokitin tsinta a hannu. Tana ganin Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Malama, wane irin wasa ne wannan?"

"Jarrabawa ce," in ji Gwaggo. Harshenta ya yi kauri kamar mai magana da abinci a baki. "Ina ganinki biyu, Tatu. Ɗaya ma ta ishe ni."

Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Fatar idonta ta sauko rabi ta tsaya. Miyau ya gangaro ta gefen bakinta, na share. Numfashinta ya riƙa ƙanƙancewa, kafaɗunta kawai ke ɗan motsi, sannan su ma suka bari. Na tsaya ina kallo ina jira ko zai dawo. Leɓenta ya soma yin toka-toka.

Bi Tatu ce ta ture ni. Ta ɗaga haɓar, ta toshe hancin, ta haɗa baki ta hura. Ƙirjin ya ɗaga. Ya sauka. Ta sake. Na kifa kunnena a ƙarƙashin nonon hagu. Yana bugawa, da sauri, kamar na tsuntsun da aka kama.

Haka muka shiga yi. Wadda jiri ya ɗebe ta sai ta daki ƙasa da hannu, ta kusa da ita ta durƙusa. Babu abin da ya yi kama da matashin kai. Bakin sanyi gare shi, kan yana lanƙwashewa, wani lokaci iskar ta ƙi shiga sai an gyara wuyan, kuma kowane gyara sai in ji kamar a cikinsa ne za ta tafi. Ƙudaje suka fara sauka a idonta, wata ta zauna tana kora su da mafici. Na riƙa yi mata magana, ban san me nake cewa ba. Na gaya mata kwakwar da na bari akuya ta cinye. Na gaya mata inuwa ta matso kaɗan. Bi Mtumwa tana zaune a kan turmi tana tambayar kowa, "Me ya samu 'yar Faki? Rana ce?"

Labari ya bazu, tsakar gida ta cika. A waje na ji wata ta fara kuka irin na mutuwa. Sai mutane suka dare, ga Baffa Kombo. Shi ne na'ibin liman yanzu, shi ake kira duk lokacin da rai ke fita, kuma mayafinsa yana kafaɗa kamar kullum. Ya tsaya a kan Gwaggo ya daɗe yana duban fuskarta. Ya ɗaga hannunta ya saki, ya faɗi kamar tsumma.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya isa haka, ku tashi. Ku bar ta ta tafi da mutuncinta."

Matar da ke hurawa ta ɗago kai. A wajenmu ba a yi wa Baffa Kombo musu a kan gawa.

"Ci gaba," in ji Bi Tatu. "Ci gaba, don ubanki." Matar ta sake sunkuyawa.

"Tatu, ki ji tsoron Allah. Na san wannan fuskar. Haka mahaifinmu ya yi."

Ya sauke mayafin daga kafaɗa. Ban san lokacin da na riƙe ɗaya gefen ba. Ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba sai ranar.

"Baffa, ta ce kada a rufe ta."

"Saki, yarinya."

"Baffa, ƙanwarka ce, babu laifi ka taɓa ta. Ka sa kunne sau ɗaya. In ba ka ji komai ba, ni da kaina zan taya ka rufewa."

Na faɗi haka ne ina tsoron kada a ce kafin ya sunkuya zuciyar ta tsaya. Gwiwarsa tana ciwo, ya daɗe kafin ya kai ƙasa. Ya cire hula ya kifa kai. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai hucin mai hurawa. Ya zauna a haka fiye da yadda ake bukata. Da ya ɗago, fuskarsa ta zama ta wani mutum daban. Ya dubi mayafin da ke hannunsa, ya dubi gindin kwakwar da ke bakin ƙofa, ita ce dai wadda kakanmu ya zauna a gindinta ranar da ya rasu.

"Tana ji?" ya tambaye ni a hankali.

"Ta ce tana ji."

Ya jefar da mayafin gefe. Da jiri ya kwashi matar da ke kai, shi ya matsa ya ce a nuna masa. Bi Tatu ta kama hannunsa ta ɗora a hancin.

"Toshe sosai, Malam. Duk wannan ƙirjin na kiran salla, yau ga ranarsa."

Ya fi mu iska, ya kuma fi mu daɗewa. Idan ya ba wata wuri sai ya koma kusa da kunnenta yana karanta Yasin ƙasa-ƙasa.

Da aka yi azahar babu wanda ya tafi masallaci daga gidanmu. Dakta Pandu ya kira ya ce ga shi a bayan duwatsu, ruwa ya fara hawa amma sauran tazara, in za mu iya tarar sa a tsakiya ba tare da an daina hurawa ba, mu zo. Mun riga mun gaji, leɓunanmu sun kumbura, biyu cikin matan sun kwanta suna haki. Aka ɗora Gwaggo a gadon igiya. Maza huɗu suka kama ƙafafun gadon, kuma da yake hannunsu makara ya saba ɗauka, sai suka cilla shi kafaɗa suka fara "La ilaha illallah" da irin muryar rakiyar gawa.

"Ku sauke ta!" Bi Tatu ta yi kansu. "Ku sauke ta ƙasa, marasa kai, wa zai hau sama ya hura mata? Kuma wanda ya sake yi mata waƙar kabari sai na fasa masa baki. Matar tana jinku."

Suka sauke gadon daidai ƙugu. Muka ratsa fadamar teku a haka, ana 'yan taku a tsaya a hura, a sake 'yan taku. Duwatsu suna yanka ƙafa, ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. Sau ɗaya na gaban ya zame, gadon ya karkace, kanta ya gangara har gashinta ya taɓa ruwa. Na sa kunne ban ji komai ba sai ƙarar teku. Na danna kunnen da ƙarfi. Can ƙasa na ji shi, a raunane, yana tsallake bugu.

Dakta Pandu ya diro cikin ruwa har ƙirji da sabuwar jakar roba a saman kansa. Ya ɗora mata a fuska ya fara matsawa, ya sa abin sauraronsa a ƙirjinta. Sai ya sunkuya daidai kunnenta.

"Malama, Pandu ne, wanda kika kora daga ɗakin bincike sau biyu. Tambayarki ta ranar farko, amsar ita ce a'a."

A asibiti injin numfashi ya karɓe mu. Washegari da rana ɗan yatsan ƙafarta ya motsa. Da aka cire mata bututun numfashin, muryarta kamar ana jan takarda a ƙasa, wadda ta fara nema ita ce Bi Tatu.

"Tatu, busasshen kifi da tafarnuwa kika ci."

"Ka ji mara godiya. Da na sani da na bar ki da Malam."

Baffa Kombo ya jira har kowa ya fita, sai ni da ke gyara mata matashi. Ya zauna a bakin gado yana juya hularsa.

"Mwanaidi, Baba ya ji?"

Ta dube shi. A aikinta ba ta taɓa rubuta abin da ba ta gani ba, kowa ya shaide ta da haka.

"Ya ji, Yaya. Amma ya ji karatunka ma. Ni ma shi na riƙe."

Ya gyaɗa kai ya tashi ya fita, yana dafa bango.

Bayan mun dawo gida na tambaye ta ko da gaske karatun ya rage mata tsoro. Tana zaune tana murza hannun da har yanzu ba ya riƙe kofi sosai. Ta ce ta ji komai: kukan matar nan a waje, sautin mayafin da ya zame daga kafaɗar Baffa, da shirun da ke tsakanin hurawa ɗaya da ta gaba, wanda kowane ɗaya take zaton shi ne na ƙarshe. Ta ce tana ta ihu a ciki, ko gashin idonta bai motsa ba.

"Tsoron ya fi karatun yawa, Zuwena. Amma Kombo tsoho ne, kuma shi zai ci gaba da wucewa ta gindin kwakwar nan, shi ya sa na gaya masa haka."

Bi Mtumwa ta rasu bara, tana ganin rana ce ta bugi 'yar Faki. Gwaggo ta hana a gaya mata. Baffa Kombo ne ya zo rufe ta, kuma sai da ya cire hula ya kifa kunne a ƙirjinta ya daɗe, kamar yadda yake yi wa kowa yanzu, kafin ya ja mayafin. Jakar robar da Dakta Pandu ya bar mana tana cikin gwangwani mai murfi a ɗakina. Duk lokacin da wata ya kusa cika nakan fito da ita in matsa, in kai kunne in ji ko tana fitar da iska ta wani wuri.